A Cire Dakta

"A cire Dakta," maƙwabcina ya sake faɗa, karo na uku ke nan tun da na shiga ɗakin asibitin.

Likitan da ke tsaye a kansa ya zare abin awon ƙirji daga kunne, ya dube ni, ya dubi matar maƙwabcin nawa. Yaro ne ƙarami likitan, gemu bai gama cika masa fuska ba, sai na ga ya ji kunya.

"Baba, wani abu na yi maka?"

"A cire Dakta."

Kwana shida ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye a ofis, a tsakiyar taro. Bakin ya karkace, maganar ta gudu, mutumin da yakan yi awa biyu yana yi wa iyayen yara bayani bai sha ruwa ba, ga shi kalma uku kawai suka rage masa.

Matar ta ja ni baranda. "Mai Fenti, ka ji ko? Ba ya son yaron nan. Jininsu ne bai haɗu ba."

Aka je aka roƙi manya, aka canja likita. Aka kawo wata dattijuwa mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya. Ta gaishe shi cikin mutunci. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce a cire Dakta.

Ni mai rubuta allon shago ne, shekara arba'in da 'yan kai. Aji uku na yi a makaranta, malamin ya ga ba ni da niyya, ni ma na ga ba shi da haƙuri, muka rabu lafiya. Sauran karatun a tasha na yi shi da bayan manyan motoci. Na san mutane, na san wanda zai ce ka rubuta masa "Babban Kanti" a kan rumfar da akuya ba za ta iya juyawa a ciki ba. Amma maganar maƙwabcina ta ɗaure min kai, ni da muke katanga ɗaya shekara talatin da biyu.

'Yarsa ce ta kawo wata fassarar. Auta muke ce mata har yanzu, ko da yake ita ma tana da 'ya'ya uku.

"Mama, mun manta ne? Ai shi ma Dakta ake ce masa. Kansa yake nufi. A cire shi daga asibiti, gida yake so."

Duk muka ce wallahi haka ne. Duk unguwar nan Dakta ake kiransa, har mai gyaran famfo, har matarsa in ta ji haushinsa. Shi ne shugaban wani ofishi mai hawa biyu inda ake shirya yara su tafi jami'o'in ƙasashen waje. Ni dai ban taɓa gane aikin sosai ba. Na san yaro yakan shiga da takarda ɗaya ya fito da goma, a sa shi ya rubuta labarin kansa sau bakwai, a koya masa yadda zai zauna a gaban mai tambaya ba tare da yana kaɗa ƙafa ba. Bayan wata shida sai ka ga uwarsa tana kuka tana dariya a ƙofar Dakta, wai an ɗauke shi.

Aka sa hannu a takardu, aka dawo da shi gida. Aka gyara masa gado a falo kusa da taga, inda zai riƙa ganin ƙofar gida da bishiyar da ya shuka. Aka jera masa matashi uku. Ya lumshe ido, muka ce alhamdu lillahi. Da ya buɗe sai ya kafe ni da kallo, ni kaɗai, ya ɗaga hannun hagu mai rai ya nuna ni.

"A cire Dakta."

"Maƙwabci, an cire ka ai. Ga ka a gida."

Ya buga katifa. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye.

"To ni me na yi?" na tambayi matar.

"Ka tambayi kanka," ta ce. "Ku ne abokan ƙus-ƙus."

Rana ta huɗu da dawowarsa, da hantsi, mataimakiyarsa ta ofis ta zo dubiya da wata 'yar takarda mai sheƙi a hannu. Ta ce ƙungiyarsu za ta fitar da littafin shugabanni, kowa da hotonsa da tarihin aikinsa, kuma suna son na Dakta ya zo a shafin farko tun yana iya gani. Ta zauna ta fara karanta mana na sauran. Wannan ya yi digiri uku a ƙasashe uku. Wannan ta yi shekara goma sha biyu tana karɓar ɗalibai a wata babbar jami'a.

"Kamar ungozoma ke nan," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta juya shafi, ta gyara murya, ta karanta sunan maƙwabcina da Dakta a gaba. Kafin ta kai ƙarshen layin ya kai wa takardar duka, ta faɗi ƙarƙashin kujera.

Matarsa ta ce ciwo ne, a yi haƙuri. Mataimakiyar ta ɗauki takardarta tana kakkaɓewa, ta ce da Auta a hankali, "Dama abu ɗaya ya rage mana. Wace jami'a ce ta ba shi digirin daktan, kuma wace shekara? Mun duba fayil ɗinsa, wurin babu komai. Shi bai taɓa cikewa ba."

"Zan duba akwatinsa," in ji Auta.

Bayan azahar ta same ni a rumfata ina wanke burushi. Ta ajiye wata jakar fata a kan bencin, ta zauna ba ta ko duba ko fentin ya bushe ba.

"Kawu, duba nan."

Ta fara zaro takardu ɗaya bayan ɗaya. Takardar shaidar malamin firamare. Takardar koyon buga keken rubutu, kalma hamsin a minti. Wasiƙar godiya daga gidan waya, inda ya yi shekara tara yana cike wa mutane fom a kan tebur a bakin ƙofa. Sai fasfo guda uku, tsoho da sabo, ta buɗe min su shafi-shafi. Fari fat, ko hatimi ɗaya babu.

"Ya tura yara sun fi dubu. Shi ko iyaka bai taɓa tsallakawa ba. Wannan ban damu ba. Amma ina digirin? Na zazzage gidan nan har ƙarƙashin katifar Mama." Ta ajiye fasfon a kan bencin. "Ni a makaranta har faɗa na yi da wata don ta ce ubana ba likita ba ne ba komai ba ne. Kawu, ka san shi tun ban zo duniya ba. Ka gaya min gaskiya. Baba ƙarya ya yi wa mutane?"

Na buɗe baki zan ce mata a'a, sai idona ya sauka a kan ƙofar gidansu ta tsallaken kwata. A jikin ginshiƙin akwai wani ƙaramin allon katako, shuɗi da farin rubutu, wanda na daina gani tun tuni saboda kullum ina ganinsa. Daga gadon falo, ta taga, shi ne abin da yake fara cin karo da shi.

Burushin ya faɗi daga hannuna cikin bokitin.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ya bar teburin gidan waya ya buɗe ɗan ofis a shagon gaban gidansa. Kujera biyu, keken rubutu, da kwalin littattafan jami'o'i da ya roƙo ta wasiƙa. Ya ce in rubuta masa allo: sunansa, da kalmar Darakta. Guntun katako gare ni, sunan nasa kuma dogo ne kamar layin mai. Na auna na auna, Darakta ta ƙi shiga. To a lokacin ina yawan wucewa ta wani ƙaramin asibiti, allon mai wurin da harafi biyu a gaban sunansa, D da R da ɗigo. Mutumin shi ne mai gida, shi ke ba kowa umarni. Na ce a raina, ashe haka masu ilimi ke gajarta Darakta. Na zo na zuba masa su, har da 'yar kwalliya a wutsiyar R.

Da ya gani ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Mai Fenti, ka ba ni a rana ɗaya abin da wasu ke shekara bakwai suna nema! Gobe ka zo ka gyara."

Goben nan aka kira ni aikin rubuta motoci a wani gari, na yi wata uku. Da na dawo na tarar da layin iyaye har bakin rumfata, kowa Dakta, Dakta. Ya tare ni da yamma ya ce, "Ka ɗauko fentinka mana, abin nan ya fara damuna."

Ni kuma da wayona na tasha na ce, "Maƙwabci, ana yanka kazar da ke ƙwai? Kai ka ce musu kai Dakta ne? Su suka faɗa. Aikin kana yi ko ba ka yi? To bar allo ya yi nasa."

Ya sake tuna min sau biyu ko uku a shekarun farko, ina cewa sai na sami farin fenti mai kyau. Daga nan ya daina.

Duk na gaya wa Auta, ban rage komai ba. Ta daɗe tana kallona kamar yau ta fara ganina.

"Wato kai ka ba shi digirin."

"Ni ne jami'ar."

Ta yi wata irin dariya da ta koma kuka a tsakiya. "Shi kuma ya bari. Shekara talatin ya bari."

"Ya bari. Amma kin ji da kunnenki, bai taɓa rubutawa da hannunsa ba."

"To wanne zan riƙe, Kawu?"

Na ɗauki sukuddireba da reza, na tsallaka kwata.

Kusoshin sun yi tsatsa, ɗaya sai da na karya kansa. Na shiga falon da allon a hammata. Matar tana ba shi ruwa a cokali, ta ce, "Kai kuma lafiya? Mutum na kwance ka zo kana ɓalle mana gida?"

Na jawo kujera gaban gadon, na ɗora allon a gwiwata yadda zai gani, na sa yatsa a kan haruffan biyu.

"Maƙwabci, wannan?"

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Gefen bakinsa mai rai ya motsa.

"Gobe," ya ce. Kalma ta huɗu ke nan da muka ji daga bakinsa.

"Ka ji shi, wai gobe," in ji matar. "Mayar da abin nan inda ka ɗauko."

"Ba haka yake nufi ba, Mama," in ji Auta daga bakin ƙofa. "Tsiya yake masa."

Na fara kankarewa. Fentin da na yi da ƙuruciya ne, mai kyau, ya kama katakon kamar da gayya. Farin garin yana zuba a kan wandona. Ban ɗaga kai ba sai da na gama da D, na ga idonsa na bin rezar. Na cinye R da wutsiyarta. Ɗigon ne ya fi ba ni wahala, don ya shige cikin wani ɗan rami. Da na hure ƙurar na juya masa allon, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya fuska wajen taga ya yi barci.

Washegari da rana tsaka ya cika, Auta na riƙe da hannunsa na hagu.

Bayan mako guda mataimakiyar ta dawo da takardarta da biro. Auta ta ce ta rubuta: malamin firamare, mai buga takardu, mai cike fom a gidan waya, darakta.

"Shi ke nan? A shafin farko? Sauran fa duk da digiri uku-uku."

"Ki haɗa da yawan yaran da ya tura, in kuna da lissafin," in ji Auta.

Mataimakiyar ta juya biron a hannu, ta dube ni ko zan ce wani abu. Na ce ni aji uku na yi.

Allon kuwa na mayar da shi jikin ginshiƙin da sababbin kusoshi. Sai da na ja baya na ga abin da ya faru. Rana ta shekara talatin ta koɗar da shuɗin ko'ina, amma inda na kankare katakon ya fito sabo, jawur, da siffar haruffan nan biyu daidai, har wutsiyar. Ina tsaye ina tunanin ko in nemo shuɗin fenti, wata mata ta sauka daga mota riƙe da fayil, ɗiyarta na biye da ita. Ta matso ta kare ido da hannu, ta karanta allon tana motsa leɓe.

"Yauwa," ta ce da yarinyar. "Nan ne."