Gwiwar Hagu

Kwalin taliya ɗaya, da ƙoƙon kai a ciki. Jakar Gana-mas-go biyu, ta dogayen ƙasusuwa da ta haƙarƙari. Robar man shafawa cike da ƙasusuwan yatsu. Naɗin waya, filaya, injin huda. Abin da Mashkura ta ɗauko daga Utako ke nan. Duk ramin da motar ta faɗa a hanyar Kuje sai jakar da ke kan cinyarta ta yi ƙara. Matar da ke gefenta ta tambaya ko kwanuka ne. Ta ce kayan makaranta ne.

Makarantar koyon aikin lafiya da take koyarwa ce ta koma Kuje, an wargaza ƙwarangwal ɗin ɗakin gwaji don wayoyinsa sun yi tsatsa. Gobe masu duba makarantu za su zo, kuma dole su gan shi a tsaye. Shugaban makarantar ya faɗa mata sau biyu cewa in babu shi babu lasisi. Wata uku kacal ta yi a aikin tun dawowarta daga karatu a Alƙahira.

Zacharias, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, ya shimfiɗa zanen gado a kan tebur. Shekara goma sha tara yana goge wa ƙwarangwal ɗin ƙura. Ɗalibai Oga Friday suke kiran ƙwarangwal ɗin.

Ta fara jerawa yadda take koyarwa a aji. Ɗinkin ƙoƙon kai, gaɓoɓin da ba sa motsi. Ƙashin baya, mai ɗan lanƙwasuwa kaɗan. Na wuya mai juyawa. Kafaɗa da ƙugu, dunƙulen ƙashi zaune cikin kwarminsa. Sai gwiwa da gwiwar hannu, masu buɗewa da rufewa kamar ƙofa.

Inda ta yi karatu na roba ne, kowace gaɓa sumul. Ta ɗauka wannan ma haka yake, don fenti ya rufe shi. Yanzu da yake hannunta ta ga ƙananan ramuka inda fentin ya ɓare. Ta daɗe tana juya ƙashin ƙugun.

"Baba Zacharias, wannan mutum ne na gaske. Kuma mace ce, tsohuwa."

"Madam, shekara sha tara ina gaishe shi Oga. Yau ki ce mace?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta nuna masa kafaɗar dama, yadda kwarmin ya cinye, irin na wadda ta yi shekaru tana daka. Sannan ta ɗauki gwiwar hagu. Guringuntsin ya ƙare tun matar tana da rai, ƙashi ya yi ta gogar ƙashi har ya yi sheƙi kamar tangaran. Gefensa ya yi tsiro. Wannan gwiwa ta yi shekaru ba ta miƙe ba.

Mashkura ta zauna. A makon jarrabawarta ta ƙarshe mahaifiyarta ta rasu a Kurudu, aka binne ta ba ta nan. Gwaggonta ce ta ba ta labari daga baya. Sun tausasa gaɓoɓin Inna ɗaya bayan ɗaya kafin wanka, kamar yadda ake yi, da ruwan ɗumi. Duk sun saki, ban da gwiwar hagu. Haka aka naɗe ta a likkafani. Shekara biyu Mashkura tana ce wa Inna a waya ta yi haƙuri, in ta dawo za ta duba ƙafar.

Zacharias ya miƙo mata injin. Tsohon hujin ya marmashe, sai an yi sabo a tsakiyar wurin da ke sheƙi, a ɗaure ƙafar ta miƙe dole. Ta ɗora bakin injin ta danna. Farin gari ya zubo kan zanen, wani wari kamar na ƙonannen gashi ya cika ɗakin. Ta saki.

Ta tambaye shi daga ina aka kawo ta. Ya ce ya tarar da ita a rataye, wanda ya kawo ta ma ya mutu. Ya ce wataƙila ba Musulma ba ce. Ya ƙara da cewa ko a garinsu ba a barin tsohuwa a tsaye haka. Ya cire hularsa, kamar bai san ya cire ba.

Wayarta ta yi ƙara. Shugaban makaranta ne. Ta bar ta har ta katse.

Ta kwantar da gwiwar a lanƙwashe yadda take a da, ta cire mayafinta ta rufe ƙasusuwan daga kai zuwa ƙafa. Suka fito. Ta ja ƙofar, ta murɗa makulli, ta jefa shi cikin jakarta.

Zacharias ya tambaye ta me za ta nuna wa mutanen gobe.

"Ni zan tsaya a wurin, su lanƙwasa gaɓoɓina," in ji ta. "Ita ta gama tsayuwa."