Baba a Bakin Danja

Daren jiya mafarki ya mayar da ni birnin da na yi karatu. Garin yana nan yadda na baro shi, sai dai ƙanƙara daga ƙasa take tashi tana komawa sama. Baba na tare da ni, da sandarsa da rigarsa ta zuwa kasuwar Malumfashi. Ban yi mamaki ba, ko da yake bai taɓa hawa jirgi ba.

A garin nan ba a tsayawa a hanya. Kowa ya riƙe damarsa, ya sunkuyar da kai, ya yi sauri. Na sha ture kafin in koya. Baba kuwa duk wanda ya gifta sai ya gaishe shi.

"Sannu da sanyi. Ya iyali?"

"Baba, nan ba a gaisuwa," na ce.

"To me suke yi da bakinsu?"

Kunya ta kama ni, na ƙara sauri. Muka iso danja, ɗan koren mutumin nan na cikin fitila mai ba masu ƙafa hannu ya haska, na tsallaka ban waiwaya ba. Da na juya, titin ya buɗe kamar gulbi, motoci na gudu a ciki. Baba na can ƙetare, ya zama ɗan ƙarami.

Wata jimina sanye da rigar 'yan sanda ta tsaya kusa da ni.

"Wancan tsohon naka ne?"

"Mahaifina ne."

"Masu jan ƙafa, da yamma ake share su tare da ganye." Ta nuna motar shara, tana tahowa ta gefen Baba.

Na yunƙura in koma. Ƙafafuna suka ƙi. A garin na koya musu tafiya, gaba kawai suka sani.

Na yi ihu, "Baba, in ya haska ka rugo!"

Koren ya haska. Baba bai ruga ba. Ya ɗaga kai ya dubi fitilar.

"Bawan Allah, sannu da aiki. Tun safe kana tsaye?"

Koren mutumin ya sunkuyo ya dubi Baba. Can ya ce, "Tun da aka kafa ni ba wanda ya taɓa tambayata."

"Ya gida?"

"Matata ce jar nan ta sama. In na fito ta shiga, in ta fito na shiga. Ba mu taɓa zama tare ba."

"Ai ba zama ke nan ba. Ku sauko ku huta."

Suka sauko su biyu, suka zauna a bakin titi, kafaɗa da kafaɗa. Motocin suka durƙusa kamar raƙuma. Motar shara ma ta durƙusa. Baba ya ratsa su a hankali, yana yi wa direbobi sannu.

Da ya iso bai yi faɗa ba. Ya dube ni, ya ce, "Tasi'u, wa ke korarka?"

"Ba kowa."

Ya miƙo mini hannun rigarsa. "Riƙe nan, kar ka ɓata."

Na riƙe. Muka tafi, sandarsa na buga ƙasa, ƙwas, ƙwas.

Ƙarar ce ta tashe ni. Sandar Baba ce a kan simintin tsakar gida, zai fita. Na zura takalmi na bi bayansa. Ban wuce shi ba.