Hular Kawu Sule

Ƙanwata Sa'adiyya tun tana ƙarama ba ta da abokin wasa sai kwata. Duk damina in ruwa ya cika lungunmu na Jakara ya fara leƙo mana zaure, sauran yara su yi ta tsalle a ciki, ita kuwa ta ɗauki murfin tsohuwar tukunya tana haƙa wa ruwan hanya. Umma ta yi faɗan, ta yi dukan, har ta gaji ta zuba mata ido. Da ta kai aji huɗu na sakandare sai ta sa wa abin suna, ta ce injiniyar gada da magudanar ruwa za ta zama.

A makarantarsu akwai Malam Nata'ala, shi ke ba ɗalibai shawarar abin da za su karanta. Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa sharri ba, amma shawararsa ga mata biyu ce tak: ko nas ko malamar makaranta. Ni ma shi ya zaɓa mini koyarwa, ina yi kuma ban mutu ba. Sai dai ni ban taɓa haƙa wa ruwa hanya ba.

A zangon nan aka shirya kai ɗalibai wurin da ake gina wata gada can bayan Ƙofar Kabuga. Ƙa'idar makarantar ita ce, wanda ya je ziyarar shi ake ba kujera a ajin zanen gini, wanda bai je ba kuma ya nufi wani ajin, kuma ba a sake zaɓe. Sa'adiyya ta ɗaga hannu. Malam ya kira ta ofis.

Ta dawo gida ta same ni a tsakar gida ina tsince shinkafa, Umma na gefe a kan keken ɗinkinta.

"Yaya Lami, cewa ya yi shi ba hana ni ya yi ba. Wai kamfanin ba ya barin kowa ya shiga sai da hular kwano, ita kuma hular ba ta zama a kan hijabi, zamewa take. Wai kuma hijabina har gwiwa yake, ƙarfen rodi na ginin zai kama shi ya fizge ni."

"Ke me kika ce?"

"Na ce a ba ni hular in gwada. Sai ya yi dariya ya ce, 'Yata, fararen kayan nas za su fi yi miki kyau."

Wallahi raina ya ɓaci. Da ya fito fili ya ce ba ya so mace ta je, da mun san da wa muke yi. Amma ya laɓe bayan hijabin yarinya, ya mayar da kansa mai tausayi. Na juya ina jiran Umma ta ce wani abu, sai ta ce, ko kai ba ta ɗago ba, "Ai gaskiya ya faɗa. Ina mace ina hawa gini?"

Sa'adiyya ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Bayan la'asar ta tafi gidan Kawu Sule, ƙanen Umma da ke aikin birkila, ta aro hularsa, wata ruwan ɗorawa duk ta sha karce. Ta ɗora a ka, ta sunkuya, hular ta faɗo ta gangara har bakin rijiya. Nan dai Malam bai yi ƙarya ba, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi.

Ita kuwa sai ta zauna ta kifa hular a cinya tana duba cikinta. Ta gano akwai maɗauri da ake murɗawa ta ƙeya. Ta gano yadin hijabin ne mai santsi, ga kuma tulin gashin da take ɗaurewa a baya yana ture hular. Washegari ta sa na yi mata kitso kwantacce. Ta samo yadin auduga a Ƙofar Wambai, ta yanka samfuri da tsohuwar jarida: hijabi mai kama kai, mai rufe wuya da ƙirji, wanda za a cusa bakinsa cikin riga mai dogon hannu yadda rodi ba zai samu abin kamawa ba.

Matsala ɗaya, Sa'adiyya ba ta iya ɗinki ba ko na sisin kwabo. Ta faki idon Umma ta hau keke, kafin a ce me ta karya allura.

"Tashi min a nan kafin ki kashe min keke!" in ji Umma. Ta karɓi yadin ta juya shi, ta ja tsaki. "Ni ba goyon bayanki nake ba. Wannan ɗinkin ne ido ba ya iya kallo."

Haka ta ɗinka shi tana mita daga farko har ƙarshe, amma sau biyu tana farkewa don wuyan bai kwanta yadda take so ba.

Ranar tafiya na shirya in raka ta. Sa'adiyya ta ajiye hular a kan tabarma don a mayar wa Kawu, tunda kamfani zai raba tasa. Umma ta ɗauka ta cusa mata a jaka. "Tafi da ita. Mutumin da ya kawo zancen hijabi, ba zai rasa wani zancen ba."

Mun tarar da mota a ƙofar makaranta, maza na layi, Malam Nata'ala na miƙa wa kowa hula. Ya dubi Sa'adiyya sama da ƙasa.

"Madalla da ɗinki. Sai dai kash, hulunan da aka aiko daidai kan mazan ne, babu saura."

Ta buɗe jaka ta fito da ta Kawu. Ta ɗora, ta murɗa maɗaurin, ta sunkuya har hannunta ya taɓa ƙasa, ta girgiza kai hagu da dama. Hula ko gezau. Mazan da suka fara ƙus-ƙus suka zuba mata ido.

Malam ya yi gyaran murya. "To amma iyayenki sun san da wannan? Ni ba na son abin da zai jawo magana."

Na ce, "Malam, Umma ce ta ɗinka."

Ya matsa daga bakin ƙofar motar. Sa'adiyya ta hau ta zauna a kujerar gaba, ba ta ko waiwayo ni ba, idonta na kan titi. Ni ce na tsaya ina share hawaye kamar wata sakarya.

Na koma gida na samu Umma a kan keke, amma ƙafarta ba ta motsi.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, Umma."

"Hular ta zauna?"

"Daram."

Ta taka keken ya ɗauka. "To ki biya ki gaya wa Sule ya nemi wata."