Tunau a Gefen Bargo

Bargon yana cikin akwatin matata tun kafin ta rasu. Fari ne, na jarirai, a gefensa ta ɗinka suna da shuɗin zare: Tunau. A kan gadon jinya ta yi aikin, lokacin da hannunta ya fara rawa, shi ya sa harafin farko ya tsaya cak, na ƙarshe kuwa ya karkace kamar mai neman bangon jingina.

Sunan mahaifinta ne. Ta yi niyyar sa wa ɗanmu, sai dai ba mu sami ɗa ba. Mun daɗe muna jira, aka ba mu mace guda, aka rufe ƙofa. Yarinyar ta girma, ta yi aure, ita ma ta shiga irin jiran uwarta. Cikin wannan jiran uwar ta ɗinka bargon.

"Idan namiji ne, kai za ka kai mata," in ji ta. "Ka miƙa kawai. Ban da dogon bayani, na san ka."

Na ce mata ni ba mai dogon bayani ba ne. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ba ta ga ranar ba. Ni da ba a bukata na gani. 'Yata ta haifi namiji, ta kira ni daga asibiti.

"Baba, na san zancen bargon, Mama ta nuna mini. Ka bar ni da maigidan, zan lallaɓa shi. Kai dai ka kawo idan mun koma gida."

Surukina, mijin 'yata, mai shagon sayar da waya ne. Ba mugu ba ne, ba zan yi masa sharri ba. Mutum ne da ba ya yarda ana ruwa sai wayarsa ta gaya masa. Da na je barka ya tare ni a barandar asibitin, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya miƙo mini fuskar wayar.

"Baba, sunan nan na duba shi. Babu ma'ana, babu asali, babu ko mutum ɗaya da ya fito. Anya ba laƙabi ba ne kakan ya ɗauka a wurin wasa?"

Na yi murmushi irin wanda ake yi wa suruki. A raina kuwa na riga na tafi ɗakin karatu.

Rayuwata duka gyaran rubutu na yi a maɗaba'a. Littattafan yaye ɗalibai, katunan aure, kundin lambobin tarho, duk sun bi ta ƙarƙashin jan birona. Idan mutum ya ce mini abu babu shi, ba na iya barci sai na nuna masa shafi. Ciwon sana'a ne, kuma ba a warkewa.

Ɗakin karatun yana nan yadda na bar shi, sai dai fankar ta mutu kuma ma'aikacin ya tsufa a kan kujerarsa. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Malam, kana raye? Mun ɗauka ka bi littattafan."

"Ina suka tafi?"

"Gara ta yi karatun rabinsu."

A wani tsohon ƙamus da bangonsa ya rabu da jikinsa na sami abin da nake nema. Layi ɗaya ne. Na kwafe shi a bayan katin magani, na fito ina tafiya kamar wanda ya ci shari'a.

Ranar da suka koma gida na naɗe bargon a takarda na hau bene na uku, ina hutawa a kowane hawa. Falon cike yake. Ga uwar surukina a babbar kujera da jaririn a cinyarta, ga ƙanwarta a gefe tana kaɗa mayafi, ga wasu mata biyu da ban sani ba. 'Yata tana zaune a kan katifa, ta jingina da bango. Da ta ga ƙunshin a hammatata sai ta yi mini murmushin uwarta, wanda gefe ɗaya na baki ke riga ɗayan.

Na miƙa. Har nan na cika umarni. Aka buɗe, mata suka yaba ɗinki, uwar surukina ta matso da gefen bargon kusa da idonta.

"Tu-na-u. Malam, wannan kuma sunan magani ne ko na gari?"

Aka kwashe da dariya. 'Yata ta girgiza mini kai a hankali. Na gani sarai. Amma hannuna ya riga ya shiga aljihu.

Na fara da asali. Na ce tsohon suna ne, ya girmi benen nan da titin da ke gabansa, ya girmi wayar da ta ce ba ta san shi ba. Sannan na koma kan yawansa. Na ce sunayen da suka bi ta hannuna a maɗaba'a sun isa a cika gari, amma ban taɓa cin karo da wannan ba sai a sanarwar rasuwar mahaifin matata, kuma ni na gyara ta. Na faɗi haka ina jiran a jinjina.

"To ai abin da nake faɗa ke nan, Baba," in ji surukina daga bakin ƙofa. "Babu mai shi."

"Shi ne darajarsa."

"A makaranta fa? Yara ba su san daraja ba."

Da na tsaya a nan, da asarar kaɗan ce. Sai na juya katin na karanta layin da murya irin ta mai sanarwa: suna ne da ake sa wa yaron da uwarsa ta daɗe ƙwarai ba ta haihu ba, har an fid da rai, sannan aka tuna da ita.

Mayafin ya daina kaɗawa. Uwar surukina ta dubi jaririn, ta dubi 'yata, fuskarta ta washe kamar an ba ta kyauta.

"Ikon Allah! Ashe sunan ma ya san labarinmu. Wallahi Malam ya dace, kamar an auna. Mu da muka jira har gashinmu ya yi fari."

"Har an fid da rai ɗin nan ne ya burge ni," in ji ƙanwarta. "Yaya, kin tuna shekarar da muka ce ko a duba wata hanya?"

"Bari kawai. Ai da wani ɗan ne ba nawa ba, da tuni an wuce wurin."

Suka shiga lissafa asibitocin da aka je, da waɗanda suka yi aure bayan 'yata suka riga ta. Ɗaya daga cikin baƙin ta leƙa fuskar jaririn ta ce, "Sannu, Fid-da-rai," aka sake dariya. Surukina ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. 'Yata ta miƙe da kyar, ta dafa bango ta nufi kicin.

Na same ta tsaye a gaban famfo, ruwa yana zuba a kan kofi ɗaya da ya riga ya fita tas.

"Jiya ya yarda, Baba," in ji ta, ba ta juyo ba. "Na ce masa sunan kakana ne, Mama ce ta roƙa. Ya ce shi ke nan, ko wayar ba ta sani ba a sa."

"To ai yanzu ya ƙara sanin—"

"Yanzu kowa ya sani. Shekarun nan da na yi ina haɗiye magana a gidan nan, na ɗauka ranar da na haihu sun ƙare. Kana so duk wanda ya ƙwala wa ɗana kira a titi ya tuna mini? Da bakina zan riƙa kiran abin safe da yamma?"

"Uwarki ba haka ta nufa ba."

"Mama ta san ma'anar tun kafin ka je neman ta. Ka taɓa ji ta faɗa wa wani?"

Ban taɓa ji ba. Na mayar da katin magani cikin aljihu.

An sa wa yaron suna mai kyau, irin wanda idan aka kira shi a layinsu yara da yawa za su waiwayo. Ba ni da ƙorafi a kansa. Na gyara shi a takarda sau ba adadi, ba a taɓa kuskuren rubuta shi ba.

Bayan 'yan kwanaki 'yata ta aiko mijinta da bargon. Ya ajiye a kan teburina da hannu biyu.

"Ta ce tana so ta riƙa rufa shi da abin da hannun Mama ya taɓa. Amma ta ce a cire rubutun. Ta ce kai ka san telan da ba zai ɓata ba."

Na san shi, a ƙasan gidanmu yake, wurinsa matata take sayen zare. Ya shimfiɗa bargon a kan teburin yanka, ya shafa haruffan da babban yatsa.

"Wannan hannun marigayiya ne. Ita kaɗai ke ƙulla zare ta baya sau biyu. Malam, ka tabbata?"

"Ba ni na tabbata ba. Cire."

Ya ɗauko ƙaramin tsinken warwara ya fara daga ƙarshe. Karkataccen harafin bai ba shi wahala ba, dama a sake yake. Na farkon ne ya yi gardama, sai da ya sa tabarau. Yana ciro zaren yana tarawa a gefe, ɗan tuli shuɗi wanda bai kai cikin cokali ba.

"Wai me sunan yake nufi ne?" ya tambaya. "Ban taɓa ji ba."

"Sunan mahaifin marigayiya ne."

Ya jira ko zan ƙara. Ban ƙara ba.

Da ya gama ya ɗaga bargon wajen haske. Ramukan allura suna nan a jere, mai ido zai iya karantawa.

"Kada ka damu," in ji shi. "Wanki ɗaya za su rufe."

Ya share zaren da gefen hannu ya zuba a kwandon ƙyalle, ya naɗe mini bargon a sabuwar takarda.