Lupen Cikin Waƙa

Tun ranar da aka manna hoton fim ɗin a bakin silimar unguwar Pacoima, Lupe Arredondo ta daina bin titin. Fim ne na rayuwar Efraín Sauceda, ɗan unguwarsu mai jita, wanda ya rasu a haɗarin mota yana ɗan shekara sha takwas, ya bar waƙa guda da har yau ake sakawa a rediyo. Sunan waƙar "Lupe".

Shekara ashirin da takwas tana riƙe da waƙar nan a ranta a matsayin tata, don ita ya taɓa rakawa gida daga makaranta, har sau biyu, yana ɗauke da littattafanta. Sai ga masu fim sun zo sun zauna a falon Lupe Barragán, wadda ake ce wa Lupita, suka sha kofinta, suka ba ta waƙar.

Ana saura kwana uku Kirsimeti, matan unguwa suka taru naɗin tamal, abinci mai kama da alala, a gidan Doña Remedios, mahaifiyar marigayin. Lupe ta zaɓi kujerar da ta fi nisa da Lupita, tana shafa ƙullun masara a ɓawo kamar shi ya yi mata laifi.

"Kun ga rigar da suka sa wa yarinyar da ta fito a matsayina?" in ji Lupita. "Ja wur! Ni da Baba zai yanka ni in na sa ja."

"Gara da suka gyara," Lupe ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Da sun nuna ki da ƙarfen haƙoranki, wa zai shiga kallo?"

Mata suka kwashe da dariya.

"Ƙawata, in kishi ne ki kai ƙara Hollywood. Rawa muka yi da shi a bikin cikar ƙawarmu Chelo shekara sha biyar!"

"Ranar har da kakar Chelo ya yi rawa."

Lupita ta yi murmushin nan na wadda aka riga aka buga sunanta a allo. Shi ya tunzura Lupe ta yi tambayar da ta daɗe tana tsoron yi.

"Doña Reme, ke kaɗai kika sani. Don Allah ki raba mu. Wace Lupe ce?"

Tsohuwar ta gama ɗaure tamal ɗin hannunta tukuna.

"Wace? Wane dai, 'ya'yana. Ubansa ne, Guadalupe Sauceda. Duk gari Lupe ake ce masa. Efraín na shekara tara 'yan shige-da-fice suka kwashe shi a gonar lemo, suka tsallakar da shi iyaka. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba."

Tukunya na ta huci.

"Da a harshenmu ya yi ta, da kun ji namiji yake kira," in ji tsohuwar. "To, da Turanci ya yi."

Lupe ta bi baitukan a zuci ɗaya bayan ɗaya. Babu inda aka ce mace. Ita ce ta yi ta jin "ki dawo gida", ashe "ka dawo" ne.

"Me ya hana ki faɗa wa masu fim?" in ji Lupita.

"Na faɗa. Wani mai gemu a cikinsu ya ce Lupe sunan mata ne, wai tsufa ya rikita ni."

Lupe ta kalli yadda fuskar Lupita ta saki, ta ji wani daɗi, amma bai daɗe ba. Idonta ya kai kan hoton da ke bango kusa da kyandir, wani mutum mai malfa da siririn gashin baki. Ashe shi ne Guadalupe. Shekara nawa tana wuce shi ko sunansa ba ta tambaya ba. Ta harare shi sosai.

"Miƙo min ɓawon nan," ta ce wa Lupita.