Ɗiyar da Aka Kai Awo

Wa ya fi laifi, mai tona kyautar da ya yi, ko mai rufe ta har ta ci rai? Na kasa yankewa.

Turai, matar yayana Jibo, ciwon daji na nono ya kashe ta, kamar yadda ya kashe uwarta. Kafin ta cika, likita a Sakkwato ya aika jininta awo, aka samu tawaya a ƙwayar halittarta, irin wadda uwa kan gadar. Ya ce a kawo ɗiyanta.

Jibo ya kai Taiba, ɗiyar da ta tashi a ɗakin Turai. Aka auna, ba a ga komai ba. Likitan ya ce awo kan kuskure jefi-jefi, ya sa aka maimaita ta wata hanya. Nan ma lafiya. Gidanmu na Talata Mafara aka yi sadakar fura.

Amma Turai riƙon Taiba ta yi, ɗiyar ƙanenmu ce. Wadda Turai ta haifa ita ce Habiba. Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonakinmu na Maradun aka yaye ta, Jibo ya ba yayarmu Nagode ita, don ba ta taɓa haihuwa ba, suka tafi Bakura. A wurinmu wanda ya ba da ɗa ba ya sake cewa nasa ne. Habiba ta girma, ta aurar da ɗiya, ba ta sani ba.

Na sami Jibo a bakin kwatar ban ruwa yana sakar wa shinkafa ruwa.

"Yaya, jinin da aka auna ba na Turai ba ne."

"Likita ya ce lafiya. Har sau biyu. Ka fi na'ura sani, Maiwada?"

"Na'ura abin da aka ba ta take dubawa."

"To in je in ce wa Nagode mi? Ta tsufa, ta makance, in ƙwace mata ɗiya da bakina? Ba ni yi."

Shi ma da gaskiyarsa.

Bayan girbi Habiba ta zo gaisuwa. Tana durƙushe ta ce wa Jibo, "Kawu, ka sa ni a addu'a. Hammatata ta ɗan kumbura, ina shafa man shanu."

Da ta tafi Jibo ya ce in tayar da babur.

A Bakura muka tarar da Nagode a inuwar rumbu. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kullum. Sannan Jibo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Yaya, na zo roƙo. Ki kira Habiba, a gabanki zan faɗa mata wadda ta haife ta."