Mai Tashin Gari Ya Zo Sayen Agogo

Shekara ashirin da biyu ke nan ina kan teburin nan na bakin kasuwar Kpalime a ƙasar Togo, inda mahaifina Gameli ya bar ni, kuma ba a taɓa dawo mini da agogo ana ƙorafi ba. Ni Akpene, a kushe girkina, a kushe tafiyata, ko kai ba zan ɗaga ba. Amma duk wanda ya kushe agogona, ranar sai an raba mu. Na faɗi wannan ne don a san abin da na yi ranar wata Laraba ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Papa Agbeko shi ke buga ƙararrawar cocinmu ƙarfe biyar na asuba, tun ban iya ɗaura zane ba. Da bugunsa direbobin Lome ke tada mota, da shi masu gona a kan dutse ke ɗaukar adda. Mahaifina, wanda ko agogon rediyo bai yarda da shi ba, da bugun Papa Agbeko yake daidaita nasa. Abin dariyar shi ne Papa Agbeko bai taɓa mallakar agogo ba. Matarsa, Mama Mawusi, ita ke farkawa huɗu da rabi ba tare da kowa ya tashe ta ba, ta girgiza shi, ya wanke fuska ya fita. Haka suka yi shekara arba'in da ɗaya.

Bayan bikin Ista matar ta rasu. Ya lallaɓa wata biyu, aka ce a kujera yake kwana don kada barci ya yi masa nauyi. Sai ran wata Talata gari ya waye shiru, ƙararrawa ba ta buga ba sai wajen bakwai saura. Dattawan coci suka zauna. Sabon fastonmu, yaro ne mai son kayan zamani, ya kawo shawarar a ɗaura lasifika mai bugawa da kanta. Aka tsaya a kan cewa in Papa Agbeko ya sake makara ko sau ɗaya, za a karɓe igiyar ƙararrawar daga hannunsa. Kafin la'asar duk kasuwa ta ji.

Washegari sai ga shi a gaban teburina, farar riga ta sha guga, malafa a kai, lema a hammata ko da yake babu alamar hadari.

"'Yar Gameli!" Da ƙarfi yake magana, har masu tumatir suka waiwayo. "Agogo nake so, na tashi daga barci. Ba irin na yaran nan mai kukan ɗan tsako ba."

"Ka zo gida, Papa. Zauna."

Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba. Mai tashin gari guda, da zai nemi abin da zai tashe shi, teburina ya nufo. Na ture na roba masu batir gefe guda tun bai tambaya ba. Na ce masa irin waɗannan ba su da amana, batir ya kan mutu ba sallama kana tsakar barci, da safe agogo ya kalle ka kamar bai san ka ba. Na ƙarfe kuwa in ya tsaya laifinka ne, kai ne ba ka murɗa shi ba. Na nuna masa yadda ake duba ƙafafu, don agogon gefen gado in ba shi da nauyi hannun mai barci sau ɗaya zai kai shi ƙasa. Na rufe ɗaya da tafin hannu ya leƙa ya ga hannuwan suna haske a duhu. Yana ta gyaɗa kai, idonsa a kan bakina. A lokacin na ɗauka daɗin bayanina yake ji.

Daga nan na jawo akwatin da ke ƙarƙashin tebur, na fito da na mahaifina. Tsohon agogo ne na Jamus, ƙararrawa biyu a ka da 'yar guduma a tsakani. Mutum nawa suka taya shi na hana. Na murɗa shi, na kai hannun kan lokaci, na ajiye.

Ya ɓarke da ƙara. Kajin da ke ƙarƙashin rumfa suka watse, jaririn da ke bayan mai gyaɗa ya tsandara kuka. Papa Agbeko kuwa yana kakkaɓe ƙura daga malafarsa. Ya ɗago ya dube ni.

"To, sa shi ya buga mana, mu ji muryarsa."

Kowa ya san kunnen Papa ya yi nauyi, wanda ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin ƙararrawa dole ne. Amma ban san abin ya kai nan ba. Elom tela, maƙwabcin rumfata, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya tsayar da keken ɗinki. Mata biyu da suka kawo masa ɗinki suka rufe baki da gefen zane. Na ga dariya tana tahowa, na kuma san in ta fito tsohon nan ba zai sake bi ta kasuwa ba.

Na danne guduma da yatsa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kash! Wannan ya lalace, Papa. Bebe ne, ba ya bugawa."

"Yaya Akpene!" in ji Elom. "Yau kuma? Agogon tsohonki da kike rantsuwa da shi? Ni fa har yanzu kunnena..."

"Bebe ne na ce. Agogonka ne ko nawa? Ka ji da hannun rigar mutane da ka ɗinka ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Sai dariyar ta koma kan Elom, matan suka juya suna duba ɗinkinsu. Ni kuwa bakina ɗaci yake. A gaban kasuwa, da bakina, na kira agogon mahaifina bebe. Na san kafin yamma za a ce kayan Akpene ma sun fara lalacewa, kuma haka aka ce.

Na sake murɗa shi, na ce, "Riƙe mini, Papa, in duba abin da ke damunsa." Na ɗora masa a tafin hannu na saki guduma.

Agogon ya kama rawa a hannunsa. Ya kalli gudumar tana kai da komowa har ba a ganinta sosai. Ya kalli kajin da ba su dawo ba, ya kalli Elom da ya sunkuyar da kai kan keke. Bai saki ba sai da ƙarar ta mutu don kanta. Da ya yi magana, karon farko ke nan da na ji muryarsa ƙasa ƙasa.

"Ɗazu ma ya buga?"

"Ya buga, Papa."

Ya ajiye shi a hankali, ya sa malafa, ya ɗauki lema. "Na gode, ɗiyata. Gameli ya bar mutum a teburinsa. Bari in je in ga fasto, gara in miƙa igiyar da hannuna."

Raina ya ɓaci, da shi da faston da ni kaina. Na riƙe bakin lemar. Ban taɓa riƙe babba haka ba.

"Ba a tashi daga teburina babu agogo. Zauna. Kunne kawai Allah ya ba ka?"

Na juya masa bayan agogon. Irin waɗannan makulli biyu gare su, ɗaya na tafiya, ɗaya na ƙararrawa. Abin da masu saye ba sa lura da shi, in agogo yana bugawa, makullin ƙararrawar juyawa yake yi da kansa, yana warware murɗin da aka yi masa. Na sa ya buga, na nuna masa da yatsa. Na ce in aka ɗaura zare a nan zai naɗe shi, abin da ke ɗaya bakin zaren kuma dole ya biyo.

Ya daɗe yana kallo. "Me zai jawo?"

"Gwangwanin ruwa. A kan kantar bango, saitin fuskarka."

Na zaci zai ji haushi, dattijo guda a ce za a riƙa sheƙa masa ruwa kamar ɗan makaranta. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Da ma in na tashi fuska nake fara wankewa," ya ce. "An rage mini aiki."

Daga nan zaɓe ya koma hannunsa, kuma ban taɓa ganin wanda ya zaɓi agogo irin yadda ya zaɓa ba. Ya ce in jero duk na ƙarfen da nake da su. Guda shida ne. Kowanne in na sa ya buga, sai ya kama makullin da yatsu biyu, yatsun da suka yi kanta saboda igiya. Na farko ya tsaya nan take, ya ture shi. "Rago." Na biyu ya ɗan yi gardama sannan ya sallama. Akwai wani ja mai kyan gani da nake ji da shi, ya ce wannan ado ne kawai, a kai wa amarya. Kafin mu kai na biyar mutane sun taru, kasuwa ta koma kamar filin kokawa, ana ihu duk sanda agogo ya faɗi. Na mahaifina ya bari a ƙarshe. Ya kama, makullin ya murɗe ya kuɓuce. Ya sake kamawa ya cije leɓe, ya sake kuɓucewa.

"Wannan," ya ce. "Beben nan nake so."

Na miƙa wa Elom hannu ban ko dube shi ba. "Ba ni kwarkwaron zare wanda ya ƙare, da zare mai ƙwari. Ka yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarka."

"In ya yi aiki a ce da zarena ne," in ji shi, amma mafi kyau ya zaɓo.

Da la'asar na rufe tebur na bi Papa gida. Na soka kwarkwaron a makullin na matse shi, na kafa agogon a kan kantar da ƙusa biyu don kada ya yi tafiya, na ɗaure gwangwanin madara yadda zai tuntsure ba tare da ya faɗo masa a goshi ba. Muka ajiye kwano a kan matashi muka gwada. Karon farko zaren ya zame. Na biyu ruwan ya zuba a bango. Na uku ya sauka tsakiyar kwano. Na so mu ƙara, ya ce ya isa, kada a gajiyar da agogo. Na nuna masa yadda zai murɗa makullan biyu kafin ya kwanta, na maimaita har ya kore ni.

Na yarda da aikina, amma sau ɗaya cikin uku ba abin da zai bar mutum ya yi barci ba ne. Huɗu da kwata na asuba ina bakin layinsu, na ce wa kaina iska na fito sha.

Ashe ba ni kaɗai ke shan iska ba. Yayra mai koko tana tsaye jikin mangwaro, ta bar tukunya a wuta. Direbobin Lome biyu suna zaune kan dakali. Har ɗaya daga cikin dattawan da suka yanke hukuncin yana can gefe, ya ja hula ya rufe goshi. Kowa da wayarsa a hannu yana duba lokaci, ba mai kallon wani. Ga Elom kuma a gindin taga, riƙe da doguwar gora.

"Wannan fa?" na tambaye shi.

"Ƙwanƙwasa ƙofa ba zai ji ba, Yaya. In abinki ya ƙi, sai in zura in ɗan taɓa ƙafarsa. Wa zai sani?"

"Shi zai sani. In gora ta tashe shi yau, da rana zai kai igiyar. Ajiye."

Huɗu da rabi daidai agogon ya ɓarke a cikin ɗakin, har karen maƙwabta ya amsa. Muka kasa kunne. Ya buga, ya buga, ƙarar ta fara ja da baya, ta mutu. Ba motsi. Yayra ta ɗora hannu biyu a ka. Ni kuwa ina ta lissafin inda zaren zai iya zamewa. Elom ya ɗaga gora ya nufi taga, na cafke ta da hannu biyu, muka tsaya muna ja.

Sai muka ji tari. Sai wata ashar da ban taɓa zaton mai aikin coci ya san ta ba. Fitila ta kama.

Kafin mu yi shawarar inda za mu ɓuya, ƙofa ta buɗe. Ga Papa Agbeko, farar riga, lema a hammata, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya ɗaga fitila ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ni, Yayra, direbobi, dattijon da ke neman shigewa cikin hularsa, da Elom da ya ɓoye gora mai tsawon mutum biyu a bayansa. Ya ga wayoyin da ke haske a hannuwanmu. Na tabbata ya gane duk abin da ya kawo mu. Sannan ya gyara malafa, ya daka mana tsawa da muryar nan tasa.

"Wa ya tashe ku? Ku koma ku kwanta, ban buga ba tukuna!"

Ya wuce ta tsakiyarmu ya nufi coci, bai waiwayo ba. Ba wanda ya yi dariya, har Elom. Muka watse kowa ya kama hanyar gidansa.

Na shiga ɗaki, na kwanta da kayana a jiki, na ja zane na rufe ido. Ƙarfe biyar daidai ƙararrawar Papa ta tashe ni.